Kaucin Lemun Inna Baraka

Inna Baraka da jikarta Suwaibatu su kaɗai ne a gidan da ke jikin nawa a Ƙanƙara, shekarar da na fara koyarwa a elemantare, 1955. Ba namiji a gidan, ba gona, ko akuya babu. Idon Inna ma ya daɗe da tafiya. Abin da suke da shi itacen lemun tsami ne guda a tsakar gida, kauci ya kama rassansa uku, tsiron nan da ke fitowa a jikin wani itace, mai jan fure siriri kamar tsinken ashana.

Da hantsi 'yan tsuntsayen da ake kira sha-kauci sukan cika itacen. Inna takan zauna a tabarma tana bin su da kunne.

"Suwaiba, mai tsiwar nan ya zo?"

"Ya zo, Inna. Ga shi yana korar 'yan uwansa."

"Halinki ya ɗauko."

"Naki dai!"

Sai yarinyar ta tsinko fure ta sa mata a baki, ta tsotse zaƙin. Matan unguwa kuma sukan zo neman ganyen don jiƙo. Inna ba ta yarda a tsinka sai an tara faifai, wai in ya taɓa ƙasa maganin ya tashi. Ban yarda da haka ba, ban kuma taɓa yi mata musu ba.

Wata rana malamin gona ya zo makarantarmu, ya nuna wa yara yadda kauci ke shanye ruwan itace har ya bushe. Da na dawo na dubi lemun ta saman danga, na ga lallai rassan nan uku sun rame. A makon ne tarin da Inna ke fama da shi ya tsananta, ɗan ƙanenta Audi ya zo ya tafi da su Ketare wurin mai magani. Na ɗauki adda na shiga. Na sare kaucin tas, na share wurin, na kwashe ganyen na zubar. Raina fari, ina cewa baɗi za su ga lemu.

Bayan mako biyu suka dawo, Inna ta ƙara ramewa. Washegari da hantsi na yi sallama, na iske ta a tabarma ta karkata kai. Itacen shiru.

"Malam, mi ya sami baƙina?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, kamar ina aji. Ta bari har na gama.

"Ya taɓa ƙasa?"

"Ya taɓa, Inna."

Ta daɗe tana murza gefen zanenta. "Allah ya saka da alheri, Malam. Lemun ka ji wa tausayi. Ni kuwa lemun bai taɓa gaishe ni ba."

Suwaibatu ta tono wani busasshen reshen kaucin a bayan danga, ta dasa a fasasshiyar tukunya tana ba shi ruwa. Inna ta ji ƙarar ruwan.

"Bari, ɗiyata. Wanga ba ya fita a ƙasa. Tsuntsu ke shuka shi da baki, in ya ga dama."

Ranar Asabar na hau keke na shiga daji har na sami kauci a jikin kaɗanya. Na tara faifai na tsinko, ban bari ko ganye ɗaya ya faɗi ba. Na ɗaure shi a reshen lemun. Inna ta tsotsi fure ɗaya.

"Na kaɗanya ne. Ka sha tafiya, bawan Allah."

Kafin azahar ya yanƙwane. Tsuntsu ko ɗaya bai sauka ba.

Kwana goma sha ɗaya Inna ta ƙara a duniya. Ranar ƙarshe ta ce a fito da ita tsakar gida. Matata Hajaratu ta tallafe ta, ni ina durƙushe daga gefe.

"Suwaiba, ya zo?"

Yarinyar ta dubi itacen, ta dube ni.

"Ya zo, Inna."

"Ban ji shi ba."

"Sha yake yi. Bakinsa a cike yake."

"Makwaɗaici," in ji Inna a hankali. Daga nan sai kalmar shahada. Ba ta kai azahar ba.

Bayan sadakar bakwai Audi ya zo tafiya da Suwaibatu. Ta shigo zaurena da ƙullin kayanta a ka, ta durƙusa ta yi mini sallama. Na buɗe baki in roƙi gafararta, sai ta riga ni.

"Na sani, Malam," ta ce. "Taimako ka yi."

Ta miƙe ta bi Audi, ba ta waiwayo ba. Shekararta takwas, amma ta gane cewa ba da mugunta na yi ba, ta kuma gane cewa hakan bai mayar musu da komai ba.