Hagun Mailafiya

Shekara talatin da takwas Mailafiya ya yi yana korar tumaki a kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya a Makka, kuma da bulala biyu yake aiki. In ya kaɗa ta dama ta yi ƙara, garke ya karkata hagu. In ya kaɗa ta hagu, garke ya koma dama. Bulalar ba ta taɓa dabba, ƙarar ce ke kora. Ragon da alhaji zai saya don hadaya ba a son aibi a jikinsa. Ido ɗaya, ƙaho mai jini, ɗingishi, kowanne ya ɓata shi. Shi ya sa mai bulala biyu ke da daraja, don shi kaɗai yana aikin mutum uku daga bakin tirela zuwa shinge.

Bayan ƙaramar salla hannunsa na hagu ya mutu. Ya tashi da safe ya kasa ɗaukar buta. A asibiti aka ce hawan jini ne, kuma ya gode wa Allah da abin ya tsaya a nan. Kafaɗa na motsi, gwiwar hannu na motsi, yatsu ba sa riƙo.

Mai tumakin sunansa Sa'ud, ɗan marigayi Alhaji Dawuda wanda ya fara ɗaukar Mailafiya aiki. A Makka aka haifi Sa'ud, Hausarsa a bakin kakarsa ya tsince ta. Shi ne kafilin Mailafiya, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, igamar Mailafiya da ta matarsa kuwa, takardun izinin zama, za su ƙare a ƙarshen Zulƙida.

Sa'ud ya kira shi ofis, bai ce ya zauna ba. Da "ya ammi" yake kiransa, wato kawu.

"Ya ammi, ni ba gidan gajiyayyu na buɗe ba. Asabar ta sama raguna irin Na'imi za su iso daga arewa. Ka sauke min tirela ɗaya da hannu biyu, in sabunta muku igama. In ba haka ba, halas, an gama."

"Sa'udu, mahaifinka ya ce min..."

"Allah ya jiƙansa. In zai iya sa hannu a takarda, je ka same shi."

Mailafiya ya bar ƙauyensu kusa da Illela yana da shekara ashirin da biyu. Waɗanda suka san shi can duk sun mutu, gidan ma an ce ya zama gona.

Ya fara gwaji a saman benen da suke haya a unguwar Hindawiyya, kullum bayan la'asar. Ya jera gwangwanayen madara a kan katanga, ya ja baya taku shida. Ya ɗaga ta dama, ya bar wutsiyarta ta miƙe a bayansa, ya karya wuyan hannu. Tas! Iskar kaɗai ta kayar da gwangwani. Ya cusa ta hagu a tsakanin yatsu, ya ɗaga, ya kaɗa. Bulalar ta fice daga hannunsa, ta tsallake katanga, ta faɗa lungu.

Matarsa Rabi'a ta sauka hawa huɗu ta ɗauko. A ranar sau biyar ta sauka.

Rana ta uku Mukhtaru ya zo. Shi ne na biyun Mailafiya a kasuwa, ya haura arba'in, a hannun Mailafiya ya koyi bulala, amma ɗaya ya iya. Ya ce gaisuwa ya zo. Ya zauna a kan bulo, ya sha shayin Rabi'a, yana kallo.

"Malam, an ce tattabarun unguwar nan duk sun yi ƙaura. Ba ƙara suke tsoro ba, abin da ke faɗowa daga sama."

Mailafiya ya ci gaba da jera gwangwanaye.

"Ni dai in ni ne, sai in koma gida da mutuncina. Gida ai gida ne."

"Ka shanye shayinka?"

"Saura kaɗan. Sake yi mu gani mana."

Ya sake. Bulalar ta bugi igiyar shanya ta zubo da zannuwan maƙwabciya. Mukhtaru ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Da ya tafi, Rabi'a ta shiga ɗaki ta fito da tsohon zane, ta yage gefensa.

"Kawo hannun."

"Ba a ɗaure bulala, Rabi'a. In ta kama abu, saki ake yi."

"To sake ta ɗin kake ta yi kwana uku, Malam. Gwiwoyina sun ƙare."

Ta ɗora mariƙin a tafinsa, ta naɗe yatsun a kai, ta zagaya ƙyallen har wuyan hannu, ta yi ƙulli uku, ta ja na ƙarshe da haƙori.

Bulalar ta daina tashi, amma ba ta yi ƙara ba. Ƙara daga wuyan hannu take fitowa, shi kuwa ba shi da shi. Dole ya nemo ta daga kafaɗa. Ya riƙa jefa hannun gaba ɗaya kamar ba nasa ba, sannan ya fizgo gwiwar hannu baya. Wutsiyar ta dawo ta tsaga masa kunne. Ta tsaga masa wuya. Rabi'a na shafa masa man zafi, yana cin abinci da bulalar a ɗaure, don kwancewa da ɗaurawa na cin lokaci. Sai zai yi alwala take kwance masa.

Rana ta bakwai ta yi ƙara. Ba ta kai ta dama ba, amma ƙara ce. Rana ta tara ya haɗa su: dama, hagu, dama, hagu, sau goma sha biyu bai yi kuskure ba. Gwangwanayen duk suka zube. Rabi'a ta kwashe su, da daddare kuma ta dafa shinkafa da kaza.

Ranar Asabar da hantsi tirelar ta ja baya ta tsaya a bakin hanyar shinge. Zafi ya riga ya sauko. Ma'aikata da dillalai suka hau kan ƙarafa. Sa'ud ya tsaya a inuwar motarsa ya ɗaga waya.

"Yalla, a fara, ya ammi. Ina ɗaukar hoto."

Aka buɗe ƙofa. Ragunan suka gangaro, manya, masu naɗaɗɗun ƙahoni. Mailafiya ya shiga bayansu. Tas, suka karkata. Tas, suka dawo. Hamsin na farko suka shige shinge kamar ruwa a kwata. Wani dillali ɗan Sudan ya yi kabbara. Mukhtaru ya daina murmushi.

A rukuni na uku wani rago ya juyo zai koma mota. Gwangwani ba ya juyowa. Mailafiya ya jefa ta hagu don ya tare shi, ragon ya ɗaga kai, wutsiyar ta naɗe masa ƙaho. Ya zabura cikin 'yan'uwansa, garken ya kwashe shi ya yi gaba. Mailafiya ya faɗi ta fuska. Suka ja shi cikin kashin tumaki, na baya suna taka shi, har ragon ya bugi ƙarfen shinge ƙahon ya ɓalle.

Sai wani ya fara dariya, saura suka bi.

Sa'ud ya zo bai sauke wayar ba. Ya wuce Mailafiya ya kama ragon, ya duba gurbin ƙahon, jini na zuba a kan idonsa.

"Wannan ya tashi daga hadaya. Ku yanka, a yi mana dafa-dukar kabsa." Ya waiwayo. "Har da kai za a ci, ya ammi. Kai ka jawo mana walima."

Mailafiya ya zauna a ƙasa. Haƙorinsa ɗaya ya fita. Ya ce, "Na sauke fiye da rabi."

"Tirela ɗaya na ce. Gobe ka kawo fasfo, naka da na hajiya. Mukhtar, karɓi bulalun, na gidan nan ne."

Mukhtaru ya ɗauki ta dama a ƙasa. Ya durƙusa kan ta hagu, ya gwada ƙullin ya kasa, ya zaro wuƙa ya yanke ƙyallen.

"Sannu, Malam. Ai na faɗa maka."

Ya miƙe ya rataya ɗaya a wuya, ya kira mutum biyu su taya shi, suka ci gaba da sauke raguna.

Mailafiya bai tsaya cin kabsa ba. Tasi biyu suka ƙi ɗaukarsa saboda wari, na uku ya shimfiɗa masa kwali. Kafin ya isa Hindawiyya hoton ya riga shi, yana yawo a wayoyin unguwa. Masu shago a bakin lungu suka sunkuyar da kai da ya wuce. Ya hau hawa huɗun yana hutawa.

Ya tarar da Rabi'a ta sauko da akwatuna daga saman kwaba, tana goge su da tsumma. Ta dubi bakinsa, ta dubi rigarsa.

"Cire kayan nan a waje," ta ce. "Biyu za su ishe mu, ko in aro ɗaya?"