Awon da Baba Tela Bai Rubuta Ba

"Ɗaga ni kaɗan, Dogo, bayana ya gaji," in ji Baba Tela.

Dogo ya tallafo kafaɗar tsohon, ya gyara masa matashi. Kwana tara ke nan yana rufe shagonsa da rana ya shigo ɗakin nan mai warin man zafi. Shekara goma sha biyu shagunansu na ɗinki suna manne da juna, amma duk mai son riga ta zauna masa a jiki, ƙofar Baba yake shiga. Dogo sai facin wando da canjin zif.

Maƙwabta sai sa masa albarka suke yi. Shi kuwa ya san abin da ya kawo shi. Hannunsa na ba tsohon ruwa, idonsa na yawo a kan kantar ɗakin da ƙarƙashin gado, yana neman littafin awo. Duk wanda ya riƙe littafin nan, shi zai gaji masu kawo wa Baba ɗinki.

"Ba ya nan," in ji tsohon, idonsa a rufe.

"Me, Baba?"

"Abin da kake nema. Babu wani littafi, ɗan nan. Ban iya rubutu ba."

Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Wallahi Baba, ni dai..."

"Kar ka rantse, ka ga a kan hanya nake." Tari ya sarƙe shi, ya lafa. "'Ya'yana uku ba sa neman komai a wurina, shi ya sa ba ka gan su ba. Kai kana nema, ka zo. Jiya da ka goge mini jiki, ban tsaya tambayar dalili ba. Ni dai na ji ruwan da ɗumi. Na gode. Jawo kujera."

Dogo ya jawo, kansa a ƙasa.

"Awo kowa ya iya. Direban nan mai gemu, kafaɗarsa ta hagu ta fi sauka. Rage yatsa ɗaya, kar ka gaya masa. Malamin makaranta zai ce tumbinsa bai ƙaru ba. Ka ce haka ne, ka ƙara yatsa uku. Mai kanti yana da ƙari a wuya, ba ya so a gani. Ɗaga masa wuyan rigar."

Matar Baba ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Kai tsoho, asirin unguwa za ka tona kafin ka tafi?"

"Yi haƙuri, naki asirin na tafe."

Ta yi dariya, ta juya da sauri tana share ido da gefen zane.

Har yamma tsohon yana lissafo mutane, Dogo yana maimaitawa. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ya cika, kansa a kan hannun Dogo.

Da aka kwana bakwai, tsohuwar ta miƙa wa Dogo makullin shagon. "Akwai aikin mutane a ciki," ta ce.

Ya buɗe. Wata farar riga tana nan a ƙarƙashin allurar keke, an ɗinke rabin hannunta. Ya zauna a kujerar tsohon. Ta yi masa gajarta, gwiwarsa tana bugun teburi. Bai canza ta ba. Ya ɗora ƙafa a inda ƙarfen taka keken ya sule, ya ɗauki ɗinkin daga inda ya tsaya.