Hannu a Bayan Labule

Gilashi guda ne ya suɓuce musu a kan matakala, ya yanke su a wuyan hannu, wa da ƙane. Jijiya ta tsinke. Yatsun Babba suka mutu, na Ƙarami ma haka. Babba ne ya koya wa ƙanen yankan gilashi, kuma bai taɓa barin sa ya manta ba.

Asibiti ya saka su cikin wani bincike. Likitar ta ce jijiya tana tofowa kamar reshe, sai dai a hankali, kuma suna gwada wata allura ko za ta sa ta yi sauri. Gurbi kaɗan ne. Duk wanda jin yatsunsa ya dawo, za a sallame shi a ɗauki wani.

Duk mako sai mutum ya zura hannu bayan wani ɗan labule, likita ta taɓa yatsa da siririn zaren roba, ya faɗi wanne ne.

Ƙarami ya fara jin tsikari a babban yatsa. Gidan ya ɗauka. Matarsa ta shiga gaya wa maƙwabta, har matar Babba ta je ta yi masa barka. Shi kuma yana zaune yana murza yatsan a gaban mutane, yana cewa jinin ƙuruciya ne, Yaya ya yi haƙuri, tsohon itace sai a hankali. Babba ya yi dariyar yaƙe. Nasa hannun yana kan cinya kamar na aro.

A gwaji na gaba Babba ya lura da gilashin kabad ɗin magunguna. Mai sana'a ba ya ganin gilashi ya wuce. Wannan kuwa an kafa shi a karkace, aikin banza, amma yana nuna duk abin da ke bayan labulen kamar madubi.

Likita ta taɓa. Ya ce manuni. Ta sake. Ya ce ɗan ƙaramin. Bai kuskure ko ɗaya ba. Mako na biye ma haka, da wanda ya bi shi. Da yamma ya riƙa zama a ƙofar gida yana ba da labari, Ƙarami ya koma mai saurare.

Ran nan likitar ta kira su tare, ta dubi Babba fuskarta a sake.

"Baba, ba mu taɓa ganin irin naka ba. Ka gama da allura. Gobe wani zai hau gurbinka."

Babba ya buɗe baki. Kalma ɗaya ta isa a mayar da shi layi. Sai ya dubi gefe, ga Ƙarami tsaye da hula a hannu.

"Yaya, ka riga ni," in ji shi. "Ko a nan ma."

"To da wa zai riga?"

Ƙarami ya kama hannun ya riƙe gam. Babba ya san an riƙe ne don yana kallo.