Ranar da Apa Rowshan Ta Kori Farfesoshin Haya

Duk wanda ya taɓa leƙa wata kwalejin lauyoyi a bakin kogin Jamuna ya san yadda ake tarbar masu duba makaranta daga Dhaka, babban birnin ƙasar. Ana gobe za su zo sai a yo hayar littattafai cike da jirgin ruwa, a jera a kanta. A yo hayar farfesoshi kuma, wasu dattawa masu tabarau da kwat, waɗanda ba su da sana'ar da ta wuce zama a ofishin da ba nasu ba na yini guda. Baƙi na sauka a rataya musu furanni, a zagaya da su sauri-sauri, a zaunar da su gaban shinkafa da soyayyen kifin ilish, a yi ta ƙara musu har idonsu ya yi nauyi, sannan a raka su jirgin azahar. Haka ake yi, kuma ba wanda kunya take kamawa.

Shefali ta san wannan sarai, kuma wallahi bana addu'a take Allah Ya sa a yi shi yadda aka saba. Tana ajin ƙarshe a kwalejin Kajolpur. Shekara biyar tana tsallake kogin nan kullum, ta bar 'ya'yanta biyu a shagon mijinta Jolil tela, su yini suna wasa da ƙyallaye a ƙarƙashin keken ɗinki. Abu ɗaya ya rage mata ita da 'yan ajinsu: dokar hukumar lauyoyi ta ce ba a yaye ɗalibi sai ya tsaya gaban alƙali na gaske daga waje, ya yi shari'ar gwaji, alƙalin ya sa hannu. To damina ta kankama, kogi ya cinye hanya, duk alƙalin da aka gayyata sai ya ce gwiwarsa na ciwo. Ga shi izinin makarantar ya ƙare, ana jiran masu duba. Wanda ya cika sharuɗɗansa kafin su yanke hukunci ya tsira, wanda bai cika ba kuwa, in makarantar ta nutse da shi za ta nutse.

Mai makarantar, Alhaji Mofiz Talukdar, wanda arzikinsa na injin casar shinkafa ne, ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa. A cikin farfesoshin da ya yo haya akwai wani tsohon majistare mai gemu ja da lalle, wanda zai sa wa ajin gaba ɗaya hannu kafin shayinsa ya huce, ba tare da ya ji muryar kowa ba.

Da sassafen ranar da masu duba za su zo, farfesoshin hayar suka iso, lebura na biye da su da akwatunan littattafai a ka. A bakin ƙofa suka tarar da shugabar kwalejin, Rowshan Ara, wadda kowa ke kira Apa, wato Yaya, tsaye da lemarta a rufe. Gajeriyar mace ce, siririya, gashinta duk furfura, ta yi shekaru tana aikin lauya a Dhaka kafin ta dawo gida koyarwa. Ba ta iya ɗaga murya ba, amma ɗalibai sun fi tsoron shirunta a kan ihun kowa.

Ta ce, "Sannunku da zuwa, iyayena. Kun sha hanya. Sai dai ku yi haƙuri ku juya, jirgin da ya kawo ku bai tashi ba."

Alhaji Mofiz ya taho da gudu-gudu, yana riƙe da bakin zanensa kada ya sha taɓo. "Apa, lafiya kuwa? Doka ta ce malamai takwas, ke biyar gare ki. Ko ni za ki sa wa kwat?"

"Biyar gare ni, Alhaji, biyar zan nuna."

"Makarantata ce fa!"

"Taka ce, ba musu. Amma muddin sunana ne a ƙofar ofishin can, mutumin da bai san inda ban ɗakinmu yake ba, ba zai zauna a ce malaminmu ne ba. In ka cire sunan, sai ka shigo da su."

Ya dube ta, ya dubi agogo. Ba a cire shugaba ana saura sa'o'i baƙi su sauka, ita ma ta san haka. Farfesoshin suka juya, mai jan gemun yana ƙunƙunin ko karin kumallo ba a ba su ba.

Shefali ta kasa haƙuri. Ta bi Apa har ofis, ta manta da sallama. "Apa, kin kashe mu! Ke kin riga kin sa baƙar rigarki ta lauya, kin ci zamaninki. Mu fa? Me zan je in faɗa wa Jolil? Mutumin nan shekara biyar shi ke dafa shinkafa, maƙwabta na yi masa dariya."

Apa ta ci gaba da goge tabarau da bakin mayafinta. "Kin shirya shari'arki ta gwaji, ta rikicin tsibiri?"

"Wa zan yi wa? Bango?"

"Na tambaye ki, kin shirya?"

"Tun yaushe! Wata nawa kina gasa mu a kanta kullum da la'asar?"

"To ɗauki furannin can, ki bi 'yan uwanki bakin kogi ki taro baƙi. Ki wanke fuskarki tukuna."

Haka ta tafi, furanni a hannu, zuciya na tafasa. A mashiga ta tarar da abin da da wata rana ce da ta yi dariya har ta faɗi. Jirgin safe ya tafi ya bar farfesoshin, ga su nan jere a kan akwatunan littattafai, sun naɗe ƙafar wando, suna taunar ganyen pan, goron mutanen ƙasar, suna tofar da jan yawu a kogi. Ana cikin haka jirgin baƙi ya iso. Shugabansu, Alƙali Nirmal Saha, wani dogon tsoho da ya yi ritaya daga babbar kotu, ya sauko a hankali yana dogara sanda. Ya tsaya cak a gaban mai jan gemun.

"A'a, Farfesa! Ashe kai ne? Ranar Litinin na bar ka kana koyar da dokar gado a wancan gari, shekaranjiya kuma dokar kamfanoni a wani. Yau wace doka ce, ta kamun kifi?"

Mai jan gemu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, yau korar mu aka yi."

"Korar ku? Wa?" Alƙali ya juyo ya dubi Shefali. Ta rataya masa furannin, murya a daƙile ta ce, "Apa ce, ranka ya daɗe." Ya dogara sandarsa, ya kama hanya.

Apa ba ta ɓoye masa ko allura ba. Ta nuna masa malamanta biyar, da kantocin da rabinsu wayam, da ɗakin shari'ar gwaji da aka jera bokitai a ciki saboda yoyo. Alhaji Mofiz na biye, gumi na keto masa, duk ƙofar da aka nufa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, kifi fa yana hucewa." Da ƙyar ya samu ya zaunar da su. Yana cikin loda wa alƙali kan kifin a faranti, yana lissafin jirgin azahar, sai Apa ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ina da roƙo. 'Yan ajin ƙarshe ba su yi shari'ar gwaji ba, mun rasa alƙalin da zai tsallako. Doka ta ce alƙali mai ci ko mai ritaya. Ga ka Allah Ya kawo."

Cokalin Alhaji ya faɗi. Kowa a ɗakin ya san ma'anar wannan magana. Mai duba makaranta, so ake ya tafi tun bai gama gani ba, ita kuma tana roƙonsa ya yini.

Alƙali ya ce, "Malama, kin san in na zauna har yamma, duk abin da idona ya gani hannuna zai rubuta?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Makarantar tana buƙatar gyara, ka rubuta. Yaran nan kuwa sun iya, shi ma ina so ka gani."

Ya ture farantin, ya wanke hannu, ya ce a kai shi.

Aka fara, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, bokitai na ɗis-ɗis, har sai da aka matsar da kujerar alƙali gefe. Ba wasa ya zo yi ba. Wani ɗan gayu da ya haddace jawabinsa, tambaya ɗaya ta watsa shi, aka ce ya je ya dawo baɗi, kuma Apa ba ta buɗe baki ta roƙa masa ba. Aka kira Shefali, ta miƙe. Shari'ar ta gonar wani manomi ce da kogi ya cinye, bayan shekaru ƙasar ta sake fitowa tsibiri a tsakiyar ruwa, wani mai ƙarfi ya riga kowa kafa bukka a kai. Ita ce lauyar manomin.

Alƙali ya ce, "Lauya, ƙasar da ta yi shekaru a ƙarƙashin ruwa, ai ta kifi ce. Ina ruwan wanda kike karewa?"

Aka yi dariya. Shefali kam ba ta yi dariya ba, don gonar mahaifinta haka ta tafi, ya mutu yana nuna ta da yatsa daga cikin kwalekwale. Ta kusa fara ba da wannan labari, sai ta hango Apa a bayan ɗaki tana girgiza kai kaɗan. Sau nawa ta faɗa musu, kotu ba gidan makoki ba ce, a kawo doka. Ta haɗiye labarin, ta kawo dokar, sashe bayan sashe, da hukuncin da aka taɓa yankewa, da wanda ya saɓa masa, da dalilin da ya sa na farkon ya fi ƙarfi. Ya tare ta nan, ta ɓullo can. Ya ɗana mata tarko a kan adadin shekarun da in sun wuce haƙƙin yake faɗuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, a nan kam dokar ba ta tare da ni gaba ɗaya, ba zan ɓoye wa kotu ba," sannan ta nuna ɗan abin da ya rage mata ta tsaya a kai. Tsohon ya cire tabarau ya dube ta.

"Wa ya koya miki faɗa wa kotu abin da zai cuce ki?"

"Apa ce, ranka ya daɗe."

Ya jawo takardar ya sa hannu.

Hukuncin bai daɗe ba ya zo daga Dhaka. Waɗanda alƙali ya sa wa hannu an yaye su, shaidarsu ta zauna daram. Kwalejin kuwa an hana ta ɗaukar sababbin ɗalibai sai ta cika malamai ta gyara rufi. A ranar Alhaji Mofiz ya sa kafinta ya cire sunan Apa daga ƙofa, ko shayin ban kwana bai haɗa mata ba.

Shefali ce ta ɗaukar mata jaka zuwa mashiga. Tun daga ƙofar makaranta take son ta ce a yafe mata maganar da ta yaɓa a ofis, bakin ya ƙi buɗuwa, sai hawaye. Kaf rayuwarta ba ta taɓa ganin mutum irin wannan ƙaramar tsohuwa ba, kuma ta san ba za ta sake gani ba.

Apa ta ce, "Kai, Shefali, kogin bai ishe mu ba sai kin ƙara masa?" Ta zuge jakar, ta ciro wani ƙunshi a tsohuwar jarida ta miƙa mata. Baƙar rigarta ce ta lauya, ta koɗe a kafaɗa, tana ƙamshin maganin asu. "Za ta yi miki gajarta, kin fi ni tsawo. Ki kai wa Jolil ya saki kalmasar, akwai yadi a ciki. Ki ce masa na ce ya huta da dafa shinkafa haka nan."

Mai jirgi ya yi kira. Apa ta tattare sarinta ta shiga, ta zauna tsakanin wata mai kwandon agwagi da buhunan albasa, ta buɗe lemarta. Shefali ta tsaya rungume da rigar har jirgin ya sha kwanar tsibiri, sannan ta nemi kwalekwalen da zai tsallakar da ita, ta nufi shagon mijinta.