Jaririn da Madam Evdokia Ta Ceto

Shekara goma sha biyu ina tsine wa karyar tekun nan, wata dabbar ruwa mai shayarwa da ke zama a kogon bayan tsibirinmu. Ta yaga mini taru, ta cinye kifin, sannan ta ɗago kai da gashin bakinta tana kallona kamar ni ne ɓarawon. Amma ban taɓa shiga kogonta ba. Kowane masunci ya san in ta haihu a lokacin kaka, takan ajiye ɗan a kan tsakuwa ta fita neman abinci, ta dawo.

Madam Evdokia ba ta san wannan ba. Ita ce matar magajin gari, kuma shugabar Ƙungiyar Masoya Karen Teku, ƙungiyar da babu wani a cikinta da ya taɓa jiƙa ƙafarsa a teku. Ranar Lahadi bayan coci ita da mutanen ƙungiyar suka fita shan iska a kwalekwale mai inji, suka leƙa kogon, suka tarar da jaririn shi kaɗai, baƙi wuluk, yana kuka.

Ina ɗinkin taru a bakin gaɓa sai ga su sun sauko da shi a naɗe cikin tawul ɗin otal.

Na ce, "Madam, don Allah mayar da shi yanzun nan. Uwarsa kamun kifi ta je."

Ta taɓe baki. "Ji mai magana! Kawu Lefteris, kai da kake neman ganin bayansu? Maraya ne, mun ceto shi."

"To, kira masanan dabbobin ruwa na babban tsibiri mana."

"Mu ɗin me ne?"

Su ɗin me ne, wai! Suka sa shi a bahon wankan otal, suka yi ta ɗura masa madarar akuya da bulumboti, abin da cikinsa ba ya ɗauka. Mutane suka yi layi ana ɗaukar hoto, har da limamin cocinmu. Kwana uku ya mutu, ciki a kumbure. Ƙungiya ta kira taro, Madam ta sha kuka a gaban kyamara, aka amince za a yi masa mutum-mutumi a dandali.

Uwar kuwa tun ranar tana bakin kogon. Ta shiga, ta fito, ta yi kira, ta sake shiga. Wallahi kukan nan ya hana ni sakat.

Jiya da safe na ja taruna cike da kifi, na tsaya kusa da ita da gangan.

Na ce, "Zo ki yaga, ɓarauniya."

Ko kallon tarun ba ta yi ba.