Gurbi Kusa da Baba

Fuatino na zaune a gefen kabarin ɗanta tana fere gwaza sa'ad da ƙanenta Pesamino ya sauko daga mota da takarda a hammata. Shekara goma sha tara yana jihar Utah a can Amurka, ga shi ya dawo tsibirinsu na Tutuila da ƙaton tumbi da takalmi sau-ciki, a wannan zafi.

Ta san abin da ya kawo shi, tun a waya ya ishe ta. Shi da lauyoyinsa ƙara za su shigar, wai kotu ta ce duk wanda aka haifa a Samoa ta Amurka cikakken ɗan ƙasar Amurka ne. Sunanta suke so a kan gaba, tunda ita ce uwar Ioelu, sojan da aka dawo da shi daga yaƙi a akwati, aka binne shi nan ƙofar gida kusa da kakanninsa.

"Yaya, buɗe fasfonki ki gani," in ji shi. "An rubuta ke ta Amurka ce, amma ba 'yar ƙasa ba. Yaron nan saboda tutarsu ya mutu. Ni aikin ɗan sanda na nema, suka ce ban cancanta ba. In ba raini ba mene ne wannan?"

"Raini ne," ta ce. "Matsa, kana taka masa furanni."

Ya matsa. Ita fa maganar ta yi mata zafi, babu ranar da ba ta tuna ta. Amma zafi daban, wauta daban. Wannan ƙasa, daga bakin teku har gindin dutse, ta dangi ce, doka ta hana a sayar wa baƙo ko taƙi ɗaya.

"Saurara, ɗan birni. Ranar da muka zama daidai da mutumin Texas, ranar shi ma ya zama daidai da mu. Kotun da za ta ba ka ƙuri'a, ita za ta ce masa zo ka sayi bakin tekun nan."

"Lauyoyi sun ce ba lallai ba ne."

"Ba lallai ba? A kan ba lallai ba zan ɗora ƙasusuwan ɗana? Na je Hawaii, Pesamino. Da idona na ga jikokin masu ƙasa suna kwana a tanti, ga otal a inda gidan kakansu yake. Su ai 'yan ƙasa ne cikakku. Su riƙe sunansu, mu riƙe ƙasarmu."

Ya miƙo biro, muryarsa ta yi ƙasa. "Don 'ya'yana, Yaya."

Tausayinsa ya kama ta, ƙanenta ne, ita ta goya shi. Duk da haka ba ta ajiye wuƙar ba. Da tsininta ta nuna wani fili tsirara a gefen kabarin mahaifinsu, an share shi tas, an kewaye da fararen duwatsu.

"Bara da aka yi maka aikin zuciya, wa ka kira kana kuka? Ka ce in ajiye maka gurbi kusa da Baba, kada su binne ka a ƙanƙarar Utah cikin baƙi. Ga shi nan, duk Asabar sai na cire masa ciyawa. Je ka ci shari'arka ba da sunana ba. In ka ci, sai ka roƙi mai otal ya bar ka ka kwanta."

Ta ɗauki wata gwazar ta ci gaba da fera. Pesamino ya daɗe tsaye da biro a hannu, yana kallon fararen duwatsun.