Jalilu Ya Daina Gaisuwa

Jalilu ya wuce mahaifiyarsa Alima a bakin babbar kwatar unguwar Nima, har rigarsa ta gogi teburin kokonta, ko juyowa bai yi ba. Masu sayen koko suka bi shi da kallo. Alima ta ci gaba da zuba wa mutane.

Tun dawowarsa daga Jamus unguwa ke cin namansa. Wai ya dawo da baƙin tabarau da girman kai, ba ya durƙusa wa manya, liman ma sai da ya yi masa magana kafin ya amsa. Mutanen Zongo irin Nima kuwa za su yafe maka sata kafin su yafe maka rashin gaisuwa.

Da azahar Alima ta same shi a ɗaki, ko mayafi ba ta cire ba.

"Ni ka wuce, Jalilu? Gaban mutane? In abin da Jamus ya koya maka ke nan, wallahi ban yafe nonon da ka sha ba."

Duk abin da yake ɓoyewa bai kai wannan kalma ba.

"Mma, zauna."

Ya gaya mata aikin da yake yi can, sharar masana'antar da ake yanka ƙarfe da wani haske mai suna leza. Tsohon injin akwati ne rufaffe, aiki ɗaya ya iya, kuma ba ya buɗuwa in haske na ciki. Sai masu wurin suka kawo robot, wani dogon hannun ƙarfe mai juyawa ko'ina, ya yanka ƙofar mota, ya yanka bututu. Suka kunna shi tun ba a gama kewaye shi ba. Rannan yana shara hannun ya juyo, hasken ya daki farin ƙarfe ya faɗo masa a ido.

"Da sunan wani nake aikin, Mma. Ƙarar wa zan kai? Gefe-gefe ina gani. Tsakiya ne babu. Na ga gara a ce mini mai girman kai da a ce kin tura ɗa Turai ya dawo makaho."

Alima ta matso, ta zare masa tabarau. Idanun lafiya lau a ganinta, irin na ubansa. Tausayi ya kama ta. Ta kawo fuskarta dab da tasa.

"Yanzu fa? Kana ganina?"

Ya daɗe yana kallonta.

"Ina ganin bakin mayafinki," ya ce.